Shin ya dace a ƙawata makami? Tunani a kan masu haɗa ƙananan jiragen yaƙi

Ina da wani aboki, malamin lissafi, wanda ya yi wani ɓangare na karatunsa a Faransa, ya kuma komo gida da wata ɗabi'a da ba a saba gani ba a garuruwanmu: haɗa ƙananan jiragen sama na yaƙi, irin waɗanda Faransawa ke kira maket. Wata rana bayan sallar la'asar muna zaune a ɗakinsa, sai kawunsa ya shigo, dattijo ne manomi da ya zo daga ƙauye ganin likita. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan jirgi samfurin Mirage 2000 da ke bisa kanta, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Ya nemi izni ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya yaba aikin, sannan ya kifa shi ya dubi cikinsa, inda aka liƙa ƴan bama-bamai kamar ƙwayar dabino. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce: "Ɗana, aiki ya yi kyau, ba ka bar komai ba. To, amma ina mutanen da ke ƙarƙashinsa?" Abokina ya yi murmushi ya ce: "Kawu, ai wasa ne kawai." Dattijo ya mayar da jirgin wurinsa, aka shiga wata hira. Ni kuwa tun daga ranar tambayar nan ba ta bar ni ba, kuma ita ce nake son mu duba tare da mai karatu: shin ya dace mutum ya ba da lokacinsa da basirarsa wajen ƙawata siffar abin da aka ƙera domin kisa?

Yadda aikin yake

Kafin a yanke wa abu hukunci, wajibi ne a san shi. Wannan aikin hannu ya samo tushe ne a Ingila cikin shekarun 1930, ya bunƙasa bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da hanyar zuba narkakkiyar roba cikin mazubi a fitar da sassa masu yawa da araha ta yaɗu. Kamfanin Airfix na Ingila ya yi suna cikin shekarun 1950 da ɗan jirginsa na Spitfire. An kafa Heller a Faransa a 1957. A Japan kuma akwai Tamiya da Hasegawa, dukansu a yankin Shizuoka. Masu wannan sha'awa suna da ƙungiyoyi da mujallu da gasa, kuma yawancinsu manya ne, ba yara ba.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1/72, wato kowane santimita ɗaya a jikin ɗan jirgin yana madadin santimita 72 a jikin na gaskiya. Spitfire, wanda faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 11, yana komawa kimanin santimita 15 da rabi. Mirage 2000, mai tsawon mita 14 da ɗoriya, yana komawa santimita 20. Mutum mai tsayin mita 1,80 kuwa ba ya wuce santimita 2 da rabi. Akwai kuma ma'aunin 1/48 da 1/32 ga mai son a ga ƙananan abubuwa sosai.

Mai haɗawa yakan yanko sassan ɗaya bayan ɗaya, ya goge bakinsu, ya haɗa su da wani gam da ke narkar da robar kaɗan har sassan biyu su zama ɗaya. Sai ya cike tsagar da ta rage, ya sake gogewa, ya fesa fenti sau da yawa, ya jiƙa tambura da lambobi a ruwa ya zame su da matsefata zuwa wurinsu. Gwanaye ba sa tsayawa nan. Sukan nemi tsofaffin hotuna domin su san ainihin launin da wata runduna ta shafa a wata shekara, su zana baƙin hayaƙi a bakin bututun inji, da ɗigon mai, da inda takalmin makaniki ya kankare fenti a bisa fiffike. Jirgi ɗaya yana iya cin makonni ko watanni.

Duk wanda ya ga wannan aiki da idonsa ya san akwai halaye na gari a cikinsa: haƙuri, natsuwa, tsabtar hannu, da ƙin yarda da "ai haka ma ya isa". Mu da muke fama da ɗalibai masu gaggawar miƙa takarda ba tare da sun sake karantawa ba, ba mu da bakin raina mutumin da zai kwana uku yana gyaran layin da ba kowa zai lura da shi ba. Tambayar dattijo ba ta shafi wannan ba. Ta shafi abin da aka zaɓa a yi wa wannan hidima.

Amsa ta farko: "ai wasa ne"

Amsar abokina ita ce wadda mafi yawan masu wannan sha'awa za su bayar, kuma tana da ƙarfinta. Roba ce da fenti. Ba ta tashi, ba ta harbi, ba ta taɓa zubar da jinin kowa ba. Ta fuskar addini ma, abin da malamai suka tsananta a kai shi ne siffanta abu mai rai. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Jirgi kuwa ƙarfe ne. Abokina ma, saboda wannan dalili, ba ya saka ɗan mutum-mutumin matuƙi da ke zuwa cikin kwali. Yakan bar kujerar wayam.

Sai dai rashin cutarwa a fili bai rufe magana ba. Abin da ido ya daɗe yana kallo da sha'awa, zuciya takan saba da shi, kuma sabo yakan kashe tambaya. Bugu da ƙari, tarihin wannan aiki kansa bai rabu da yaƙi ba. A 1942, rundunar ruwa ta Amurka ta nemi ƴan makarantun ƙasar su sassaƙa ƙananan jirage dubu 500 a ma'aunin 1/72, domin a koya wa sojoji bambance jirgin abokan gaba da nasu tun daga nesa, su san wanda za su harba. Ke nan ƙaramin jirgi ya taɓa zama kayan aikin yaƙi na sosai. Wanda ya ce wasa ne kawai ya faɗi gaskiya game da robar da ke hannunsa, amma bai ce komai ba game da abin da robar take koya wa mai kallo.

Amsa ta biyu: "a bar shi gaba ɗaya"

Wani kuma zai ce: tun da haka ne, mutumin kirki ba ya ƙawata makami, sai a bar wannan aiki ga waɗanda yaƙi bai taɓa shafa ba. Kafin mu amince da wannan hukunci, ya kamata mu dubi gidanmu, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Ranar hawan salla a Damagaram ko Katsina ko Kano, me muke fita kallo? Dawaki cikin lifidi, mahaya cikin sulke da kwalkwali, takubba da masu suna walƙiya, ƴan bindiga suna barin wuta, maroƙa suna kirari. Waɗannan duka kayan yaƙi ne, kuma kakanninsu sun yi aikinsu: an ƙone garuruwa, an kama bayi, an raba uwa da ɗa. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, har igwa ya sa aka ƙera masa a Zinder, kuma muna ambaton haka da alfahari, a matsayin shaidar gwanintar maƙeranmu. Dukawa da maƙeran Abzin sun ƙawata takobi da kubensa har baƙi suna saye suna ratayewa a bango. In har za mu hana malamin lissafi ɗan jirginsa, to da wane baki za mu kai ƴaƴanmu kallon hawa?

Akwai wani dalili kuma. Kyawun jirgin sama ba daga bam ɗin da yake ɗauke da shi ya fito ba; daga biyayyarsa ga dokokin iska ya fito, kamar yadda kyawun shaho yake. Lanƙwasar fiffiken Spitfire amsa ce ga tambayar lissafi. Kuma siffa ɗaya tana iya ɗaukar aiki iri biyu. Antoine de Saint-Exupéry, wanda muke karantar da littattafansa a ajin Faransanci, ya ɓace ranar 31 ga Yuli 1944 bayan ya tashi daga tsibirin Korsika cikin jirgi samfurin Lightning. Ga mai kallo daga nesa jirgin yaƙi ne kamar sauran ƴan uwansa, alhali nasa ba ya ɗauke da bindiga, na'urorin ɗaukar hoto ne a hancinsa. An tsinci munduwarsa a teku kusa da Marseille a 1998, aka gano tarkacen jirgin a shekarar 2000. Wanda ya haɗa wannan jirgi domin tunawa da marubucin, shin makami ya ƙawata ko kabari ya ziyarta? Haka kuma Spitfire, ga mutumin Ingila, shi ne abin da ya kare garinsa daga jiragen Hitler a 1940. Ba kowane ɗaukar makami ne zalunci ba, kuma hukuncin da ya haɗa mai kare gida da mai kai hari a kwando ɗaya bai yi adalci ba.

Abin da ma'auni ke ragewa

In amsoshin nan biyu ba su gamsar ba, ina matsalar take? A ganina tana cikin abin da masu wannan aiki suka fi alfahari da shi, wato amana ga gaskiya. Mai haɗa jirgi ba zai yarda ya shafa launin da ba shi ne ba, ba zai bar ƙusa ɗaya a inda ba ta ba, har dattin mai sai ya kwaikwaya. To amma wannan gaskiya tana tsayawa ne daidai inda ƙarfe ya ƙare. An rage jirgi sau 72, an kiyaye kowane layi; ƙararsa kuwa, da tsoron da take sakawa, da wuta, da kukan mata, ba a rage su sau 72 ba, share su aka yi ɗungum. Kujerar da abokina ya bari wayam ta ƙara fito da abin a fili: ga na'ura ba mai tuƙi, ba wanda aka jefa, ba mai laifi, ba mai makoki. Shaidar da ta faɗi komai dalla-dalla ta ɓoye abu ɗaya mafi nauyi ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari, domin yawan daidaiton da ke cikinta shi ke sa a yarda da ita.

Sannan a lura da inda mai kallo yake tsaye. Ɗan jirgi yana bisa tebur, kai kana sama da shi, ko kuma kana hango kanka a kujerar matuƙi. Ba a taɓa kallonsa daga inda yawancin ƴan Adam suka san jirgin yaƙi ba, wato daga ƙasa. Abin da dattijo ya yi da ya kifa jirgin shi ne ya mayar da kallo wurin da irinsa suke tsayawa. Wannan bambanci yana da nauyi a nahiyarmu. A Afirka aka fara jefa bam daga jirgin sama: ranar 1 ga Nuwamba 1911, wani hafsan Italiya mai suna Giulio Gavotti ya jefa gurneti huɗu a kusa da Tarabulus ta Libiya, shekara takwas kacal bayan tashin farko na ƴan uwan nan Wright a 1903. Ba kuma tsohon labari ba ne kawai. Ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin sojan saman Najeriya ya jefa bam a sansanin ƴan gudun hijira na Rann, a jihar Borno, ya kashe mutane da dama har da ma'aikatan agaji, rundunar ta ce kuskure ne. Ranar 3 ga Janairu 2021, jiragen Mirage 2000 na Faransa sun kai hari kusa da ƙauyen Bounti a Mali. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne, kuma 19 daga cikin mamatan fararen hula ne, hukumomin Faransa kuwa suka dage cewa mayaƙa suka hara. Irin jirgin da ke bisa kantar abokina ke nan. Su waɗannan mutane su ne dattijo yake tambaya.

Ba ɗaiɗaikun mutane kaɗai wannan matsala ta sha kansu ba, har da manyan hukumomi. Gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian, a birnin Washington, ya shirya nuna Enola Gay, jirgin B-29 da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, inda aka ƙiyasta mutum dubu 140 sun mutu kafin ƙarshen shekarar. Masu shirin sun so su haɗa da hotunan waɗanda abin ya shafa da kayayyakin da aka tsinto a garin. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da wasu ƴan majalisa suka tayar da ƙura, aka soke shirin a farkon 1995, shugaban gidan, Martin Harwit, ya ajiye aiki, aka nuna gangar jirgin da taƙaitaccen bayani. Wato an nuna ƙarfe, an bar mutanen da ke ƙarƙashinsa. A Jamus kuma doka ta hana baje alamar ƴan Nazi, wannan gicciye mai lanƙwasassun hannuwa, saboda haka kwalayen jiragen Jamus na zamanin yaƙi da ake sayarwa can ba sa zuwa da ita. Niyyar dokar mai kyau ce, domin kada alamar ta sake samun masoya. Amma sakamakonta a bisa tebur shi ne jirgi mai tsabta wanda ba ya faɗin wa ya yi wa aiki. Waɗannan misalai biyu suna nuna cewa kowane mai siffanta makami yana zaɓen abin da zai nuna da abin da zai rufe, ko ya sani ko bai sani ba, kuma a wannan zaɓi ne alhakinsa yake.

Matsayina

Ban ga laifi ga mutum ya haɗa ƙaramin jirgin yaƙi ba, kamar yadda ban ga laifi ga mai kallon hawan salla ba. Amma ina ganin akwai sharaɗi, kuma daga cikin ƙa'idar aikin kansa na ɗauko shi: wanda ya ɗauki alkawarin faɗin gaskiya game da fenti, to ya cika ta game da mutane. In ya san lambar runduna da launin hancin jirgi, ya kamata ya san garin da aka aika shi da abin da ya bari a can. In ya baje shi a gaban jama'a, musamman yara, ya ajiye ƴar takarda a gefensa mai ɗauke da suna da shekara da ma'auni, da kuma layi ɗaya ko biyu game da aikin da jirgin ya yi, na kariya ne ko na ɓarna. Saint-Exupéry kansa ya ba da misali: a littafinsa Pilote de guerre, wanda ya fito a 1942, matuƙin bai tsaya ga na'urorinsa ba, ya bayyana talakawan da suka cika hanyoyin Faransa suna gudun yaƙi a 1940.

Za a iya ce mini: mutum ya gaji da aiki, ya samu abin da ke kwantar masa da hankali da dare, don me za ka ɗora masa makokin duniya? Wannan ƙorafi yana da gaskiya a cikinsa. Ba na cewa duk wanda ya ɗauki burushi sai ya yi kuka, kuma ba na zargin abokina da son jini. Na san shi, ko kaza ba ya son yankawa. Abin da nake cewa shi ne sani ba ya ɓata hutu, yana dai hana shi zama gafala. Maharbin da ya san nauyin rai ya fi wanda bai sani ba riƙon baka da ladabi.

Akwai kuma iyakar da hujjata ba ta ƙetarewa. Wanda jirgi ya kashe wa ɗa ko miji, in ya ga ɗan jirgin nan ya kau da kai, ba shi da bukatar a yi masa bayanin dokokin iska. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Hakkinsa ne, kuma ladabi shi ne a sauke jirgin daga kanta in zai shigo ɗakin. Ƴancin mai sha'awa yana da daraja, amma bai kai darajar raunin maƙwabcinsa ba.

Kira ga malamai da ƙungiyoyi

Wannan magana ta shafe mu ko da ba mu taɓa ganin kwalin Heller ba. Yaranmu sun daɗe suna ƙera motoci da jirage da kara da waya da gwangwani, kuma abin da suke gani a sama da cikin wayoyin hannu shi suke kwaikwaya. Kada mu ƙwace, kada kuma mu tafa kawai mu wuce. Yaron da ya kawo jirgin kara ya kawo wa malamin lissafi darasin ma'auni: a auna fiffike, a raba, a gano sau nawa aka rage shi. Ya kawo wa malamin tarihi ƙofar shiga 1911 da 1945. Ya kawo wa malamin Hausa ko na Faransanci batun rubutu: a sa rabin aji su rubuta abin da matuƙi yake gani, rabi su rubuta abin da mai tallar nono take ji lokacin da ƙarar ta taso, sannan a karanta duka biyun a gaban kowa. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya baje kolin aikin hannu su ma suna iya neman kowane mai kawo siffar makami, jirgi ne ko takobi, ya zo da labarinsa cikakke.

Da na gaya wa abokina zan yi wannan rubutu, ya ce shi har yanzu yana ganin na ɗauki abin da zafi, kuma ba zai daina aikinsa ba. Ban nemi ya daina ba. Amma da na koma ɗakinsa kwanan baya, na tarar ya ɗora Mirage ɗin bisa wani ɗan madubi, ta yadda duk wanda ya duba zai ga cikinsa da abin da ke rataye a can. Na tambaye shi dalili, ya ce domin a ga aikin da ya yi a ƙasan fikafikai ne, wanda da yake ɓoye. Wataƙila haka ne. Ni dai na lura cewa yanzu ba mai kallon jirgin nan ba tare da ya gan shi yadda kawunsa ya gan shi ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa jiragen da ƴaƴanmu za su sani su zama na kai alhazai da na kawo magani.